Zauren Tambaya: Sana'ar furodusa mai zaman kansa a Nijar

Wasiƙun da suka iso wannan zaure a kwanakin nan sun karkata ga harkar fim, musamman ɓangaren kuɗi da shiri. Mun zaɓi huɗu daga ciki, kuma kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Tawa, na gama karatu a Jami'ar Djibo Hamani amma ban samu aiki ba tukuna. Ni da abokaina muna ɗaukar gajerun wasannin barkwanci da waya muna sawa a TikTok da Facebook, kuma jama'a suna kallo sosai. Kawuna da ke kasuwanci a Abijan ya ce zai ba ni jari idan na nuna masa cewa abin sana'a ne. Burina in zama furodusa mai zaman kansa, in yi babban fim a kan 'yan cin rani na Adar. Da me zan fara, sayen kyamara ko neman 'yan wasa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka fara da ko ɗaya daga cikin biyun. Kyamara hayarta ake yi, kuma wadda za ka saya bana da kuɗin kawunka, nan da 'yan shekaru za ta zama tsohon yayi tun ba ta mayar da kuɗinta ba. 'Yan wasa kuwa ba a neman su sai labari ya zauna a takarda, an san wane ne zai fito a matsayin wa, kwana nawa zai yi, kuma nawa za a biya shi.

Ya kamata ka san nauyin da kake son ɗauka. Darakta shi ne mai kula da abin da ke gaban kyamara, wato yadda ɗan wasa zai tsaya, da inda haske zai faɗa, da yadda labari zai gudana. Duk abin da ya rage na furodusa ne. Shi yake samo labari ya daidaita da marubucinsa, shi yake nemo kuɗi, ya ɗauki darakta da ma'aikata, ya karɓo izinin hukuma, ya tsara ranakun aiki, ya ciyar da mutane, ya biya mai tacewa, sannan bayan kowa ya koma gida ya ɗauki fim ɗin ya shiga neman mai saye. Da yake mai zaman kansa ne, babu gidan talabijin ko ma'aikatar da ke ba shi albashi a ƙarshen wata, saboda haka idan an ci riba tasa ce, idan kuma an faɗi, ƙofar gidansa masu bin bashi za su ƙwanƙwasa.

Tambayar da za ka fara amsawa, tun kafin ka rubuta layi ɗaya na kasafi, ita ce wa zai kalli wannan fim kuma wa zai biya kuɗinsa, domin sau da yawa mai kallo daban, mai biya daban. Kasuwar kaset da faifai, wadda ta riƙe finafinan Hausa tun daga shekarun 1990, ta mutu, kuma yau fim yakan bi ta waya daga hannu zuwa hannu ba tare da ko dala ta koma wa mai shi ba. YouTube yana biya daga kuɗin talla, amma sai tasha ta cika sharuɗɗa, daga ciki akwai mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin wata 12, kuma tsarin biyan bai buɗe wa kowace ƙasa ba, don haka ka binciki matsayin asusunka kafin ka ɗora lissafi a kansa. Gidajen talabijin na Yamai suna buƙatar shirye-shirye cikin harsunan gida, sai dai galibi sun fi maraba da furodusan da ya zo da mai ɗaukar nauyinsa a hannu. Akwai kuma hanyar bukukuwan fim da haɗin gwiwa da kamfanonin waje, wadda take da jinkiri da yawan rubuce-rubuce, amma ita ce ta fitar da sunan Nijar a 'yan shekarun nan.

A kan wannan hanya ta ƙarshe ina so ka dubi aikin Sani Elhadj Magori, domin ɗan jiharku ne daga Galmi, kuma ilimin noma ya karanta kafin ya shiga fim. A 2008 ya fitar da Pour le meilleur et pour l'oignon, fim na gaskiya a kan manoman albasar garinsu da yadda ɗaurin aure yake rataye a kan farashinta. Bai gina gidan sarki ba, bai yi hayar manyan motoci ba, abin da yake da shi shi ne mutanen da suka yarda da shi har suka bar kyamara ta shiga zaurensu. Bayan haka ya yi Koukan Kourcia, inda ya bi sawun mahaifinsa da ya daɗe a Abijan, tare da zabiyar da waƙoƙinta suka zuga samari tafiya cin rani a zamanin da. Wato labarin da kake son yi an riga an taɓa shi, kuma wajibi ne ka kalli wannan fim kafin ka rubuta naka, don ka gane abin da ya rage ba a faɗa ba. Abin da ya fi shafar tambayarka shi ne matakin da ya ɗauka daga baya: ya kafa kamfaninsa, Maggia Images, ya koma shirya finafinan wasu, har da L'Arbre sans fruit na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2016 da haɗin gwiwar wani kamfanin Faransa. Haka yawancin furodusoshinmu suka taso, daga yin nasu zuwa ɗaukar nauyin na wasu.

Sai maganar takardu, wadda matasa suka fi ƙyama. Babu gidan talabijin ko asusun tallafi da zai zuba kuɗi a aljihun mutum ɗaya. Kamfani suke nema mai rajistar kasuwanci ta RCCM, da lambar haraji ta NIF, da asusun banki da sunansa, kuma an kafa Maison de l'Entreprise ne don a sauƙaƙa irin wannan rajista. Izinin ɗaukar fim kuwa ana neman sa a cibiyar sinima ta ƙasa, CNCN, da ke Yamai. Amma takardar Yamai kaɗai ba ta buɗe maka ƙofar ƙauye. Idan za ka yi aiki a wajen Illela ko Keita ko Bouza, sai ka fara gaida hukumomin wurin da mai gari, ka bayyana musu labarin da bakinka, ka kuma nemi yardar duk wanda gidansa ko fuskarsa za su fito. A halin tsaron da ake ciki, kada ka tashi jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, kada kuma ka nufi kyamara ga barikin soja ko shingen jami'an tsaro ba tare da izini a rubuce ba.

Kasafi shi ne inda ake gane wanda ya iya. Sabon furodusa yakan lissafa kuɗin kyamara da na 'yan wasa, ya manta cewa mutum 20 za su ci abinci sau uku a rana, su sha ruwa mai sanyi da shayi, a zuba mai a mota da injin wuta, a kuma biya kuɗin motar mai ɗaukar hoto da kayansa daga Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500 ta Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Ya fi haka manta abin da ke zuwa bayan an gama ɗauka, wato tacewa, da gyaran sauti, da daidaita launi, da kuɗin mai kiɗa, da fassarar da za a rubuta a ƙasan hoto. Finafinai da yawa suna kwance cikin kwamfuta shekara da shekaru saboda kuɗi sun ƙare ranar da aka naɗe kyamara. Ka ware kuɗin wannan mataki tun farko ka kulle su, ka kuma ajiye kashi 10 cikin 100 na kasafin gaba ɗaya don abin da ba a zata ba, kamar yadda masu sana'ar suke yi ko'ina.

Abin da ba a zata ba kuwa yana da fuskoki da yawa a Tawa. An shirya fitowar uwa tana bankwana da ɗanta a tsakar gida, kowa ya yi tsit, 'yar wasa ta kawo hawaye, sai injin niƙan maƙwabta ya tashi. Furodusa ne zai fita ya roƙi mai injin ya dakata na rabin sa'a, kuma wanda ya san aikinsa tun jiya ya je ya gaishe shi ya sallame shi. Ko kuma a ɗauki rabin fitowa yau, rabin bayan mako biyu, a dawo a tarar lallen hannun amarya ya koɗe, atamfar da ta ɗaura kuma an ba wata aro zuwa biki. Lokacin aiki ma shawara ce ta furodusa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kyamara ta yi zafi ta mutu da tsakar rana. Da hunturu hazo yana canza launin sama daga rana zuwa rana, ƙura kuma tana shiga kayan aiki. Da damina mutanen ƙauye suna gona, da an gama girbi kuwa samarin da kake son ɗauka sun kama hanyar cin ranin da kake ba da labarinsa. A ganina, idan kuɗi suka yi kaɗan, gara a rage kyawun hoto a kan a rage kyawun sauti, domin mai kallo a waya yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. Kowace yamma kuma a kwafe abin da aka ɗauka a ma'ajiya biyu, a kwana da su a gidaje daban.

Game da kawunka, kada ka karɓi jarin gaba ɗaya. Ka nemi kaɗan daga ciki ka yi fim na minti 10 zuwa 15, da 'yan wasa uku ko huɗu, a wuri ɗaya ko biyu, ka gama shi har fassara, ka kai masa tare da lissafin kowace jika da rasit ɗinta. Aïcha Macky ma da gajerun finafinai ta fara kafin ta kai ga fim ɗinta mai suna Zinder a 2021. Kafin nan, idan ka sami dama, ka yi aiki ƙarƙashin wani furodusa ko da a matsayin mai riƙe jadawali ne, domin abin da za ka gani a mako biyu na ɗaukar fim babu littafin da zai koya maka shi.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciya ce a Yamai. Shekara biyu da suka wuce na ɗauki adashena, jika 800, na ba wani yaron unguwarmu da ke shirya fim mai dogon zango, a kan cewa za mu raba riba. Ba mu rubuta komai ba saboda muna mutunci da mahaifiyarsa. Yanzu fim ɗin yana YouTube, har an sa sunana a ciki a matsayin furodusa, amma duk lokacin da na yi magana sai ya ce ba a fara cin riba ba. Mene ne hakkina?

AMSA: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Sunanki da ya fito a allo girmamawa ce, amma shi kaɗai ba ya nuna kason da kike da shi, kuma ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, an kafa shi ne don marubuta da mawaƙa da sauran masu ƙirƙira, ba shi ne ke raba gardamar masu zuba jari ba. Matsalarki ta yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu.

Abu na farko shi ne a tantance irin kuɗin da kika bayar. Idan bashi ne, zai mayar miki da jika 800 cif, ko fim ya ci ko ya faɗi, ba ƙari ba ragi. Idan kuwa jari ne a kan raba riba, kamar yadda kika faɗa, to wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira ƙiradi: ke da dukiya, shi da aiki, riba a raba bisa kason da aka ambata tun farko, hasarar dukiya kuma a kan mai dukiya take sai in an tabbatar da sakaci ko ha'inci daga mai aiki. Don haka yana iya yiwuwa gaskiya yake faɗa cewa riba ba ta fito ba, domin yawan masu kallo ba shi ne yawan kuɗi ba, kuma kuɗin talla ya danganta da ƙasar da masu kallon suke. Amma a matsayinki na mai jari kina da ikon ganin lissafi. Ki nemi ya nuna miki abin da aka kashe, da shafin kuɗin shiga na tashar a kan wayarsa, da duk abin da masu talla ko wani gidan talabijin suka biya. Ki kuma tambayi tashar da sunan wa take, domin idan ta wani ce daban, akwai mutum na uku da ke cin kasonsa kafin ku.

Ki tattara shaidar da kike da ita, wato rasit ɗin tura kuɗi, da saƙonnin WhatsApp, da mutanen da aka yi maganar a gabansu. Sannan ku zauna gaban dattijo guda da ku biyun kuke jin nauyinsa, a rubuta yau abin da ya kamata a rubuta tun wancan lokaci: nawa kika bayar, kashi nawa ne naki, ko jarinki ne zai fara fita kafin a soma rabo, da kuma lokacin da za a riƙa kawo miki lissafi. Ku sa hannu tare da shaidu biyu. Kunyar mahaifiyarsa ba hujja ba ce, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Idan ya ƙi zama, takardun da kika tara su ne za ki kai wa lauya.

Akwai kuma abin da ya kamata ku kiyaye tare. Manomin albasa yana gaggawar sayarwa ne saboda kayansa suna ruɓewa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, amma fim ba ya ruɓewa, ana iya sayar da shi bana ga wannan tasha, baɗi ga waccan, a fassara shi zuwa Zabarmanci a sake sayarwa. Saboda haka kada ku yarda ya sayar da fim ɗin ɗungurungum har abada don ya huce matsin da kike masa. A ba da izinin nunawa na shekaru ƙayyadaddu, a ƙasashe ƙayyadaddu, mallaka ta zauna a hannunku.

TAMBAYA: Shin ba gara mai son wannan sana'a ya tattara ya koma Kano ba, tunda can kasuwar take? Daga wani mai karatu a Birnin Ƙonni.

AMSA: Malam, Kano makaranta ce mai kyau ga wanda yake son koyon sauri da tsimi, domin tun fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990 suke wannan aiki, kuma suna da masu tacewa da masu kiɗa da 'yan wasan da jama'a suka sani daga Agadas har Kumasi. Je ka koyo, ka ƙulla hulɗa, ka san cewa jihar tana da hukumar tace finafinai tun 2001 da ƙa'idojinta na rajista. Sai dai furodusa daga Nijar da ya kwaikwayi labarin Kano zai zama na ƙarshe a layi mai tsawo. Abin da yake da shi wanda su ba su da shi shi ne Adaranci da Gobiranci da Arewanci a bakin 'yan wasa, da kokowar takobi, da tuddan Adar, da labaran da ba a taɓa ɗauka ba.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya a Yamai. 'Yata ta sami bakaloriya, ta ce ita makarantar koyon aikin jarida da sadarwa da aka sani da IFTIC za ta shiga, burinta ta zama mai shirya finafinai. Ba na son in tauye ta, amma ina tsoron sana'ar da ba ta da albashi. Shin ana riƙe gida da wannan aiki?

AMSA: Baba, tsoronku yana kan hanya. Kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan suke rayuwa da kuɗin finafinansu kaɗai, kuma haka abin yake tun zamanin magabata. Oumarou Ganda ya yi soja a Indocin, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, kafin ya kai fim ɗinsa Cabascabo bikin finafinai na Cannes a 1969, ya kuma zama mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Moustapha Alassane, wanda ya yi Aouré a 1962 ya kuma kasance cikin na farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka, ya koyar a jami'ar Yamai, daga baya ya zauna a Tawa yana riƙe da otal, a cikinsa kuma ya keɓe wurin da yake aikin zane-zanensa har ya rasu a 2015. Mutumin da yau aka sa wa tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar sunansa, bai dogara da fim kaɗai wajen cefane ba.

Masu kamfanonin shirya fim a yau suna riƙe ofis ne da aikin haya: finafinan wayar da kai na ƙungiyoyi a kan rigakafi ko karatun 'ya'ya mata, da tallace-tallace, da ɗaukar taruka. Wannan aiki halal ne kuma yana biyan kuɗin haya da na wuta, illarsa ita ce yana da daɗin da zai sa mutum ya wayi gari shekara goma sun wuce bai yi fim ɗin kansa ko ɗaya ba. Tallafin waje ma ba abin jingina ba ne, domin sharuɗɗansa suna bin siyasa. Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a watan Maris na 2025, alhali asusun finafinai na wannan ƙungiya yana cikin wuraren da masu shirya fim na yankinmu suka saba nema, saboda haka dole 'yan zamaninta su iya ƙulla hulɗa da Wagadugu da Bamako da Dakar da Kano, da kuma 'yan kasuwar gida.

Kasancewarta mace ba shinge ba ne. Rahmatou Keïta ta kafa kamfaninta ta shirya Zin'naariyâ!, wanda aka nuna a bikin Toronto a 2016, Aïcha Macky kuma a IFTIC ɗin nan ta yi karatu kafin ta wuce Jami'ar Gaston Berger ta Senegal. Shawarata ita ce ku bar ta ta shiga, da sharaɗin ta haɗa da koyon lissafin kuɗi da rubutun neman tallafi cikin Faransanci da Ingilishi, ta kuma ƙware a sana'ar hannu guda, kamar tacewa ko ɗaukar sauti, wadda za a riƙa kiran ta a biya ta ko ba ta da fim nata a ƙasa. Idan kuna son ku gwada ko furodusa ce ko mai sha'awar fitowa a allo, ku ce ta kawo muku kasafin fim na minti biyar da za a ɗauka a cikin gidanku, da sunan kowane ma'aikaci, da kuɗin abincinsa, da inda take sa ran samo kuɗin, ku duba shi da jan biro kamar yadda kuka saba duba aikin ɗalibai.